Robar kiriyatin mai giram 300: ta cancanci kuɗinta, in dai ta gaske ce

Duk mai leƙa wuraren ɗaga ƙarfe na unguwannin Nima da Mamobi a Akra ya san farin garin nan da samari ke kaɗawa a gora kafin su kwanta kan benci. Kiriyatin ne. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne marar ɗanɗano, wanda aka rubuta Creatine Monohydrate kaɗai a jikin robarsa, irin na Optimum Nutrition da ire-irensa da ake samu a shagunan kayan motsa jiki na Akra.

Aikinsa ɗaya ne. Tsoka tana da ajiyar ƙarfi na gaggawa da ke ƙarewa cikin kamar daƙiƙa 10 na aiki mai nauyi, kiriyatin kuma shi ke cika wannan rumbu. Mai ɗaga kilo 80 sau shida ya gaji zai iya kaiwa bakwai ko takwas, kuma wannan ɗan ƙarin ne ke taruwa ya zama tsoka bayan watanni. Wanda ba ya taɓa ƙarfe kuwa ruwa kawai zai tara. Mai gudun dogon zango ma ba wani abin kirki zai gani ba.

Jiki da kansa yana haɗa kusan giram 1 a rana a hanta da ƙoda, nama da kifi su ƙara. Amma kilo guda na naman shanu bai wuce giram 4 zuwa 5 a cikinsa ba, wato sai ka cinye tsiren mai tukuba kafin ka kamo cokali ɗaya na garin. Shi ya sa wanda abincinsa koko ne da wake da shinkafa, nama sai jefi-jefi, ya fi saurin ganin bambanci.

Hanyar sha biyu ce. Ko giram 20 a rana, a raba gida huɗu, kwana 5 zuwa 7, sannan a koma giram 3 zuwa 5. Ko kuma tun farko giram 3 zuwa 5 kullum, tsoka ta cika cikin kamar mako huɗu. Ta biyun ta fi, domin roba ɗaya za ta yi kwana 60 a kan giram 5, ga shi babu murɗar ciki. Masu kukan gudawa yawanci giram 10 ko 20 suka afa a tashi ɗaya, ciki babu komai. Lokacin sha ba shi da muhimmanci sosai, kada dai a tsallake ranakun hutu. Da azumi a sha bayan buɗa-baki tare da abinci.

Aibinsa na farko, ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, sai ya kwanta a gindin kofi kamar yashi. A zuba rabin ledar fiya wata marar sanyi, a motsa, a shanye nan take. Kada a haɗa shi da zoɓo tun safe a bari a jaka har yamma, tsami da zafi suna lalata shi in ya daɗe a jiƙe. Laimar Akra kuma tana sa garin ya dunƙule. Wannan bai ɓata shi ba, amma a daina tsoma jiƙaƙƙen cokali, a bar ƙaramar jakar tsotse laima a ciki, a ɗaure murfi.

Nauyi na iya ƙaruwa da kilo 1 zuwa 2 a makon farko, musamman ga mai shan giram 20, ruwa ne da tsoka ta riƙe. 'Yan damben unguwar Bukom ta Akra da ke jiran hawa sikeli su lura da wannan. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ba ta hana shi ba, ba kuma sitiroyid ba ne. Mai ciwon ƙoda ya ga likita tukuna, kuma duk mai sha ya faɗa kafin gwajin jini, don yana iya ɗaga awon kiriyatinin (creatinine), sinadarin da ake aunawa a jini don duba lafiyar ƙoda, ko ƙoda lafiya lau take.

Babban haɗarin yana wajen saye. Garin da aka ɗura a leda ana sayarwa cokali-cokali ba shi da maraba da garin rogo a ido. A nemi roba mai hatimi a ƙarƙashin murfi, da lambar rukunin kaya, da ranar ƙarewar aiki, a kuma tambayi mai shago rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana. Sauran nau'ukan kiriyatin, irin su HCL da masu launi da zaƙi, tsada kawai suka fi Monohydrate marar ɗanɗano, ba a nuna sun fi shi aiki ba.