File Explorer na Windows 11: yana da kyau, amma jerin folda na gefen hagu na da matsala

Shafukan (tabs) da aka ƙara wa wannan manhajar duba fayiloli a 2022 sun rage wahalar buɗe tagogi barkatai. Inda yake ba da haushi shi ne jerin folda na hagu: ka shiga folda can ciki, jerin ya tsaya cak, bai nuna inda kake ba.

Sau da yawa saiti ne. Danna maɓallin dama na linzami a fili cikin jerin, ka kunna Expand to current folder. In rassan sun maƙale ko sun ɓace, danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager (jerin manhajojin da ke aiki), nemo Windows Explorer (sunan File Explorer ke nan a can), ka zaɓi Restart. Allon zai ɗan ƙifta. Faifan hanyar sadarwa (network drive) da ba a iya kaiwa gare shi ma yakan riƙe jerin, domin manhajar na jiran amsarsa. Katse shi.