Saƙon Asabar: Shekara Biyu Ina Sauraron Farashin Hatsi da na Dabbobi ta Waya

Kowace Asabar da hantsi saƙon murya yana shigowa wayata ta WhatsApp, tsawonsa bai cika wuce minti goma sha biyu ba, kuma a cikinsa ake bayyana yadda kasuwannin hatsi da na dabbobi suka ci a makon da ya ƙare. Wasu matasa ne da suka tashi a harkar hatsi suke haɗa shi. Suna da mutanensu a kasuwanni da dama waɗanda ke aiko musu da labari, su kuma su tace shi, ɗaya daga cikinsu ya karanta da Hausa. Mu a ƙasar Gumel saƙon Asabar kawai muke ce masa. Na fara biyan kuɗinsa ne a kakar 2023, abin da ake karɓa a wata bai kai kuɗin kwanon gero ɗaya ba, kuma tun lokacin ban tsallake wata ko ɗaya ba. Ina noma gero da dawa da wake da riɗi, ina kuma turke raguna kaɗan duk shekara domin Babbar Salla, saboda haka ɓangarorin saƙon biyu duk sun shafe ni, kuma kowannensu na gwada shi da dukiyata.

Da Dawanau ake farawa, kuma haka ya dace, domin wannan kasuwa ta ƙaramar hukumar Dawakin Tofa da ke bakin hanyar Katsina ita ce uwa ga kasuwannin hatsin Arewa. Kullum tana ci, daga cikinta ake lodin kaya zuwa kudancin ƙasar nan da maƙwabta, kuma idan ta motsa ba a daɗewa sai a ji motsin a kasuwannin ƙauye. Daga nan sai a bi kasuwannin mako bisa ranakunsu, wato Gujungu da Dambatta na Lahadi, Shuwarin ta Litinin, Potiskum ta Laraba, Maigatari ta Alhamis, sannan a rufe da Wudil ta Juma'a. Tsarin ba ya canzawa, har mutum yakan san minti nawa zai tsallake idan kasuwa ɗaya kawai yake son ji.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan saƙo, na bar wasu da na taɓa saurara, shi ne ba a faɗin farashin hatsi a cikinsa sai an haɗa da ma'auni. Duk wanda ya taɓa fitar da amfanin gona ya san cewa buhu ba ɗaya ba ne. A wajenmu buhu kwano 40 ne, amma akwai mai sayen da zai zo da buhunsa mai faɗi wanda sai ya ci kwano 42 kafin a ɗinke bakinsa, akwai kuma bambanci tsakanin kwanon da aka yi wa tsororuwa da wanda aka shafe. Wani wuri tiya ake cewa, wani wuri da mudu ake awo, shi kansa mudun girmansa a wannan gari daban yake da na wancan. Lissafin ba mai wuya ba ne. Idan aka ƙwari manomi kwano 2 a kowane buhu, to a buhu 20 ya yi kyautar buhu guda cur ba tare da ya sani ba, kuma bambancin naira 100 a kwano naira 4,000 ne a buhu. Masu saƙon sun gane wannan, shi ya sa mai karantawa yakan ce buhu mai kwano kaza, ko buhun da aka ɗora a sikeli ya yi kilo kaza, sannan ya faɗi kuɗinsa.

Haka nan ba sa cewa dawa kawai su wuce. Sukan raba kaura da farfara, su raba farin wake da ja, su faɗi ko sabon hatsi ne mai sauran danshi ko tsoho ne da ya kwana a rumbu, su kuma bambanta riɗin da aka sheƙe tas da wanda ke da ƙasa da ƙaiƙayi. Sau da yawa har sukan ce farashin safe ne ko na bayan la'asar, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a kasuwar mako, inda kaya kan tashi da hantsi lokacin da manyan masu saye ke neman cika mota, ya sauka da yamma idan masu kaya suka fara tunanin kuɗin komawa gida da shi.

Ranar da na ga amfanin wannan a fili ita ce lokacin da wani falke ya zo ƙofar gidana neman riɗi bayan kakar 2024. Bayan mun gaisa ya zura hannu cikin buhu, ya murza, ya hure, sannan ya ce, "Malam, kasuwa ta faɗi wannan makon, ko a Dawanau ba a saye." Na ce masa, "Alhaji, zauna mu ji tare." Muka zauna a inuwar darbejiya na kunna masa saƙon, ya saurara har ƙarshen ɓangaren riɗi bai ce uffan ba. Da aka gama sai ya ce, "To ai wannan farashin can ne, ba a cire kuɗin mota ba." Gaskiya ya faɗa, ni ma ban musa ba. Muka cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'adar dillali, muka bar masa ribarsa, kuma abin da ya rage ya ɗara tayinsa na farko nesa ba kusa ba. Ban ɗauki falke maƙiyin manomi ba, domin shi ke ɗaukar asarar hanya, amma ciniki ya fi tsabta idan mai saye da mai sayarwa sun san abu ɗaya.

Gwaji mafi girma ya zo ne a 2025. Ganin yadda hatsi ya yi tashin gwauron zabi a farkon 2024, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, mutane da yawa sun tara kaya bayan kaka suna jiran bazara, wasu ma da kuɗin aro. A watan Yulin 2024 kuwa gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na tsawon kwana 150, damina kuma ta yi kyau a wurare da dama. Maimakon farashi ya hau kamar yadda aka saba idan rani ya yi nisa, sai ya yi ta sauka. Masu saƙon ba su yi hasashen komai ba, kuma ina ganin wannan ɗabi'a ce mai kyau a gare su, domin ba sa ce wa kowa ya sayar ko ya riƙe. Abin da suka riƙa faɗa mako bayan mako shi ne motocin da ke lodi sun ragu, manyan 'yan kasuwa sun fara buɗe rumbunansu, kaya na kwana ba a taya ba. Da na ji haka Asabar uku a jere sai na fitar da rabin dawar da na ajiye. Rabin da na riƙe na sayar da shi daga baya a ƙasa da haka, a daidai lokacin da takin zamani ya ƙi saukowa. Wannan bayani na yawan motoci da halin masu saye, wanda bai wuce jimla biyu ko uku a kowace kasuwa ba, a ganina ya fi adadin kuɗin kansa daraja.

A ɓangaren dabbobi kuwa saƙon yana da rauni, kuma raunin ba ƙarami ba ne. Hatsi ana auna shi, dabba kuwa ido da hannu ke yi mata kuɗi. Masu saƙon sukan kasa raguna gida uku, babba da matsakaici da ƙarami, su faɗi daga kaza zuwa kaza, amma tazarar da ke tsakanin adadin biyu takan yi faɗin da mutum ba zai iya gina shawara a kanta ba. Babban Balami da babban ɗan ƙasa ba kuɗinsu ɗaya ba, haka Uda mai rabin jiki baƙi rabi fari tana da masu nemanta daban. A shanu ma ba a cika bambanta Bunaji da Rahaji da Bokoloji ba, balle a faɗi ko san turke ne da ya sha dusa da harawa, ko na garke ne da ya taka daga nesa a ƙarshen rani.

Na ɗanɗana wannan gab da Babbar Sallar 2025. A watan Mayu hukumomin Nijar sun hana fitar da dabbobi daga ƙasar, kuma kowa ya san yawan dabbobin da ke shigowa Maigatari ta ɓangaren Damagaram. Saƙon Asabar ya ce manyan raguna sun yi tsada, ni kuwa ina da huɗu da na turke wata biyar, saboda haka na ɗauki mota na kai su ranar Alhamis. Dillalin da na saba da shi ya dafa gadon bayan kowanne, ya matsa gindin wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙora, sannan ya ce, "Malam, naka sun ci abinci, amma ba su ne ake rububi ba." Tsadar da aka faɗa ta manyan Balami ce, waɗanda masu lodi zuwa Legas da Abuja ke nema. Irin nawa 'yan ƙasa sun cika kara, masu saye kuma kuɗin hannunsu kaɗan ne. Sau uku ana tayi ina cewa albarka, har la'asar ta yi na sallama biyu, na koma gida da biyu, na biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Ba ƙarya aka faɗa mini ba, amma an faɗi rabin magana, kuma da an ambaci irin ragon da jimla ɗaya da ban fita a ranar ba.

Akwai wani giɓi da ke da alaƙa da wannan. Mai kiwo ba farashin dabba kawai yake buƙata ba, yana buƙatar na dusa da ɓawon wake da harawa, domin ribar turke tana tsakanin abin da dabba ta ci da abin da aka saye ta. Ba a kawo wannan sai jefi-jefi. Canjin saifa, wato kuɗin Nijar, ma haka, alhali a kasuwar kan iyaka irin Maigatari shi ke nuna ko baƙi za su shigo da dabbobi su sayi hatsi, ko za su zauna a gida. An ga tasirin iyakar sarai lokacin da aka rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, da kuma lokacin da Nijar ta hana fitar da hatsinta a watan Oktoban 2024.

Ranar fitowar saƙon ma tana da matsala. Wanda zai je Gujungu ranar Lahadi yana jin labarin Gujungu na kwana shida da suka wuce, wanda zai je Maigatari kuwa sai labarin ya yi mako guda cif kafin ya yi amfani da shi. A tsakiyar rani, lokacin da kasuwa ke zaune, wannan ba ya cutarwa sosai. A farkon kaka ko makonni biyun da ke gaban Salla, kwana uku ma sun isa su mai da labari tsohon zance. Sau biyu ko uku kuma an tsallake kasuwa ɗaya ba tare da an ce komai ba, alhali ya fi kyau a faɗa a fili cewa ba a samu labarinta ba a wannan makon.

Zaɓin murya maimakon rubutu kuwa dabara ce da ta dace da mutanenmu. Mai karantawa ba ya sauri, yana maimaita kowane adadi sau biyu, babu kiɗa babu talla, kuma saƙon yana sauka ko da sabis ɗin waya ba shi da ƙarfi. Dattawan unguwarmu da ba sa karatun boko sukan taru bayan azahar a kunna musu. Uwargidana, wadda ke kiwon jajayen awaki a cikin gida kuma ba ta zuwa kasuwa da kanta, takan saurari ɓangaren Dambatta da Wudil kafin ta ba yaro akuya ya kai, kuma yanzu ita ke faɗa masa adadin da ba za a sallama a ƙasa da shi ba. Gaisuwar farko ce kawai takan yi tsawo a wasu makonni, har ta ci minti biyu kafin a shiga Dawanau.

Ga manomin da ke da hatsin sayarwa, ko da buhu biyar ne, ina ba shi shawarar ya biya ba tare da wani kokwanto ba, domin ciniki ɗaya ya isa ya mayar masa da kuɗin shekara. Mai kiwo kuwa ya saurara domin ya san inda kasuwa ta dosa, amma kada ya ɗora dabba a mota sai ya kira dillalinsa ya faɗa masa irin da ake nema a wannan makon. Na aika wa masu saƙon buƙatu biyu, wato su riƙa ambaton irin rago da irin sa tare da farashin dusa, su kuma ƙara gajeren saƙo a daren Laraba a lokacin kaka da gabanin Salla. Sun amsa cewa na farkon suna kan gyara shi, kuma a makonnin baya na fara jin ana raba Balami da 'yan ƙasa a labarin Potiskum. Na biyun har yanzu ba a fara ba.