Shagon turin kiɗa na Sabon Gari da jerin gwanayen gitar bas ɗinshi

Mai son kiɗan gitar bas a Maradi yana shan wuya kafin ya samu abin saurare, galibin masu turi waƙoƙin fim da na siyasa da na biki ne cike da kwamfutarsu, in ka ambaci Jaco Pastorius, shahararren makaɗin bas na Amurka, sai su ce wane ne kuma wannan. Shi ya sa nake son in yi magana kan wani ɗan shago da ke Sabon Gari, wani matashi ne ke riƙe da shi, kwamfuta guda, benci guda da ƙaton baful a bakin ƙofa. Yaron ya zauna ya haɗa dosiye guda na gwanayen bas na duniya, ya jera su daga na 1 har na 10, kowa da kiɗanshi a ciki. In ka zo da kart memwar ɗinka dala ɗari zai karɓa ya zuba maka duka.

Aikin kanshi ba ni da abin cewa sai yabo. Ba ya zuba maka sai ka saurara, kuma ya rubuta sunan kowane makaɗi da shekarar faifan, ba irin waɗanda za su ba ka abu ɗari duk ba suna ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ya san bambancin MP3 marar nauyi mai 128 da mai 320 wanda ya fi nauyi da kyan sauti, yana neman mai nauyin ko da zai fi cin wuri. Ga bas wannan ba ƙaramin abu ba ne, don tsirkiyar da ta fi kauri a gitar mai tsirkiya 4 tana kaɗawa wajen sau 41 ne kawai cikin daƙiƙa, lasifikar salula ba ta iya fitar da wannan sautin sam, shi ya sa mutane da yawa sun shekara suna jin waƙa ba su taɓa jin bas ɗinta ba. To amma baful ɗin shagon ya ƙure mashi bas har ƙarshe, kwanon rufi na karkarwa, sai dum dum kawai kake ji ba ka rarrabe yatsa ɗaya da ɗaya. Na ce mashi ƙanena rage wannan abin mana, ya yi dariya ya ce "Yaya, in na rage ai ba wanda zai tsaya daga titi." Na fahimce shi, kasuwa ce, amma wanda ke son ji da kyau ya tafi da ekutar ɗinshi. Sauran matsalolin kaɗan ne, in kuran ta ɗauke sai jira don ba shi da gurup, kuma kart ɗin da yake saidawa ban yarda da su ba, na wani abokina ya fara cinye waƙoƙi tun bai cika ba.

Inda muka rabu shi ne jerin. Ya sa Victor Wooten na 1, Jaco na 2, Flea na ƙungiyar Red Hot Chili Peppers na 3, sai Marcus Miller, James Jamerson kuma can wajen na 7. Da ka gani ka san da ido aka yi wannan lissafin, wato wanda ya fi gudun yatsu a bidiyon YouTube shi ne gwani. Wooten gwani ne wallahi ba na musu, amma bas daddawa ce cikin miya, ba a ganinta sai in babu ita ne za ka ture kwanon. Tambayata ga kowane makaɗi ita ce in aka zare bas ɗinshi daga waƙar mi zai rage.

Da wannan ma'aunin Jamerson ne na 1 kuma ba kusa ba. Mutumin yana cikin makaɗan kamfanin faifai na Motown a Detroit ta Amurka da ake ce wa Funk Brothers, shi ya kaɗa a mafi yawan manyan waƙoƙinsu na shekarun 1960, na Temptations da Supremes da Stevie Wonder, kuma ko sunanshi ba a sawa a bangon faifai sai a 1971 da Marvin Gaye ya fitar da What's Going On. Da yatsa ɗaya tak yake kaɗa Fender Precision ɗinshi, yatsan nuni, kuma ba ya son canza tsirkiya. Kafin shi mai bas maimaita sauti biyu uku kawai yake yi, shi kuwa sai ya riƙa rera tashi waƙar a ƙarƙashin ta mawaƙin, yana shiga gurbin da aka bari yana fita, bai taɓa taka mawaƙin ba. Ya rasu a 1983 mutane da yawa ba su san shi ba, abin yana min ciwo har yanzu, ga Paul McCartney, mai bas na ƙungiyar Beatles, da kanshi yana faɗin cewa ya koya daga gare shi.

Abin da ya ɗaure min kai ma shi ne babu Aston Barrett, wanda ake kira Family Man, cikin goman gaba ɗaya. A garin nan da kowace fada ta taɓa dafa shayi kan Bob Marley! Shi ne mai bas kuma jagoran makaɗan Wailers, ƙanenshi Carlton na kan ganga, har Marley ya rasu a 1981. Gwanintarshi tana cikin inda yake yin shiru, sai ya kaɗa kaɗan ya tsaya ya bar ka rataye sannan ya faɗo daidai inda ƙirjinka ke jira. Robbie Shakespeare ma a hannunshi ya taso. Family Man ya rasu a watan Fabrairun 2024, ni dai shi ne na 2 a wurina.

Jaco na bar shi na 3. Ya cire ƙarafunan da ke gindaye a wuyan gitar, ta koma sumul yadda wuyan gurmi yake, sautin ya riƙa zamewa yana kuka, faifanshi na 1976 da aikinshi da ƙungiyar jazz ta Weather Report sun canza yadda ake kallon abin kaɗawar baki ɗaya. Ya mutu a 1987 yana da shekara 35 bayan wani mai gadin kulob ya yi mashi duka a Florida. Na 4 a wurina Larry Graham, wanda ya ƙirƙiro dukan tsirkiya da babban yatsa lokacin da yake kiɗa da mahaifiyarshi ba su da mai ganga, sai ya maida bas ɗin ganga. Duk abin da Flea da Marcus Miller da Wooten ke yi da babban yatsa daga nan ya samo asali, to ta yaya almajirai uku za su shiga jeri malaminsu na waje? Bootsy Collins yana ciki kuma ya cancanta, yana ɗan shekara 18 ya shiga ƙungiyar James Brown a 1970, a shekarar ma suka zo Legas ya ga Fela da idonshi.

Sai kuma Afirka, ko mutum ɗaya babu. Na tambayi yaron ya ce jerin da ya gani a intanet ba su sa ba. Ga Richard Bona nan maƙwabcinmu ɗan Kamaru, an haife shi a 1967, a Duwala ya ji faifan Jaco ya koma bas, daga baya ya yi aiki da Joe Zawinul, mutumin da Jaco ɗin ya yi wa kiɗa a Weather Report, kuma yana kaɗawa yana rerawa da harshen Duwala lokaci guda. Ga Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu da bas ɗinshi ya ɗauki faifan Graceland na Paul Simon a 1986. Ga Eyadou Ag Leche na Tinariwen, bahago, wanda kunnenmu ya saba da irin tafiyar kiɗanshi tun ba yau ba. Mace ma babu, alhali Carol Kaye ta kaɗa a dubban waƙoƙi a Los Angeles, haka masu ƙaton bas na tsaye irin Charles Mingus da Ron Carter, su kam ya ce zai buɗe masu dosiye daban, kuma na ga hakan ya fi.

Yaron dai yana da kunne kuma ba ya girman kai, da na faɗi sunan Bona nan take ya nemo ya sa, ya rage bas ɗin baful da kanshi don ya ji yatsun, har wani ɗan kabu-kabu da ya zo cajin waya ya tsaya ya ce a tura mashi shi ma. Family Man ne har yanzu muke ja da shi, wai rege ba wuya gare ta ba, na ce ya ari gitar wani ɗan orkes ya gwada riƙe layi guda na minti biyar ba tare da ya yi gaggawa ba.