Fitowar masu zaɓe: Abuja da sauran Najeriya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne mazauna Abuja sun fi sauran 'yan Najeriya ƙauracewa rumfunan zaɓe. A da haka lamarin yake, amma alkaluman hukumar INEC na zaɓen shugaban ƙasa sun nuna cewa ya sauya.

A ƙasa baki ɗaya, fitowar jama'a ta kai ƙololuwa a 2003 da kusan kashi 69 cikin ɗari, daga nan kuma ta yi ta gangarowa: kusan 54 a 2011, kusan 44 a 2015, kusan 35 a 2019, sannan kusan 27 a 2023, lokacin da mutum miliyan 25 kacal suka kaɗa ƙuri'a cikin miliyan 93 da ke rajista, ana tsakiyar ƙarancin takardun naira da wahalar man fetur.

Babban Birnin Tarayya kuwa yana ƙasa da matsakaicin ƙasar a 2015, ya yi kusan kunnen doki da shi a 2019, ya kuma zarce shi a 2023, inda fitowar ta kai kusan kashi 30. Sai dai kada a ɗauka wata farkawa ce ta auku. Waɗanda suka fito a Abuja a zaɓukan 2019 da 2023 duk ba su kai rabin miliyan ba, alhali rajistar birnin ta ƙaru zuwa sama da miliyan ɗaya da rabi, don haka Abuja ma ta ja da baya, sauran ƙasar ce kawai ta fi ta saurin faɗuwa. Guguwar Peter Obi, wanda ya samu ƙuri'u sama da 280,000 a birnin a 2023, ta taimaka wajen rage faɗuwar.

A ganina, kwatancen yana da tangarɗa, domin Abuja gari ne na baƙi. Duk wanda ya leƙa tashar Jabi ko Zuba ana jajibirin zaɓe zai ga motoci maƙil da masu tafiya jihohinsu inda katinsu yake, yayin da sunayen ma'aikatan da aka canza wa wurin aiki ke nan daram a rajistar birnin. Haka kuma mazauna Abuja ba su da gwamnan da za su zaɓa, minista ake naɗa musu, kuma zaɓen ƙananan hukumominta shida daban ake yin sa. A irin wannan zaɓen, kamar na Fabrairun 2022, ƙananan hukumomin Abaji da Kwali kan fi cikin gari fitowa nesa ba kusa ba.