Tafkin Attabad daga Jidda: jirgi ko mota?

Masu tambaya kan tafkin nan da 'yan Pakistan ɗin wurin aiki ke ta nuna mana a waya, ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula, to sunansa Attabad, a kwarin Hunza yake, can arewacin Pakistan. Da can babu shi fa, dutse ne ya zaftaro ranar 4 ga Janairu 2010 ya toshe kogin Hunza, mutum 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu, ruwa ya taru ya cinye gidaje da gonaki har da wani yanki na titin Karakoram, sai a 2015 aka buɗe sabuwar hanya ta cikin duwatsu.

Jidda zuwa Islamabad ba matsala, akwai jirgi kai tsaye. Ka dai fara da bizar Pakistan, sannan huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, kuma ka duba igamarka, takardar izinin zama, kar ta mutu kana can.

Inda lissafin yake shine daga Islamabad. Jirgin Gilgit, garin da ke da filin jirgi mafi kusa da tafkin, wajen awa ɗaya ne, daga nan mota awa uku haka ka isa, amma wallahi kar ka jingina da shi, tsakanin tsaunuka yake bi, hadari kaɗan sai a soke tashi, kai kuma ga kwanakin hutunka na ta tafiya ga kafili, wato uban gidanka na aiki, na jiran ka. In ka nace sai jirgi to ka ware kwana biyu na ko-ta-kwana, musamman a dawowa.

Mota ita ce ta talaka kuma ta fi tabbas, sai dai bayanka zai gaya maka, yini guda ne cur har da ɗoriya. Hanya biyu ce. Ta garin Naran da tsaunin Babusar ta fi gajarta ta fi kyan kallo, amma lokacin zafin can kawai take buɗe, ƙanƙara na rufe ta, kuma tsayin wurin ya haura mita 4,000, mai hawan jini ya fara ganin likita. Ta garin Besham ana binta duk shekara in ƙasa ba ta zaftaro ba. Ni dai da iyali zan ɗau shatar mota da direba ɗan yankin, mu kwana a hanya.

Masauki kam na bakin tafkin tsada, kallon ruwan kake biya. Garin Karimabad ya fi sauƙi, ga abinci ga kasuwa, kusan rabin awa ce zuwa tafkin. Kwale-kwale kuma a yi ciniki kafin a hau, sannan kar wanda ya shiga ba rigar kariya, ruwan ƙanƙara ne kuma zurfinsa ya wuce mita 100.