Hattara da masu tallan ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a intanet

Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwanmu mazauna Amurka da ke neman ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin wanda ake ja da mota a kan tirela, mutum ɗaya kuma ya iya sarrafa shi. Da sanyi ya fara wucewa talla ke cika Craigslist da Facebook Marketplace, a lokacin ne 'yan damfara ke baza komarsu.

Za ka ga hoton Catalina 22 ko West Wight Potter 15 ko Com-Pac 16 fes, kuɗin kuwa bai kai rabin na kasuwa ba. Kana tura saƙo sai a ce ku koma imel. Mai jirgin wai soja ne za a tura shi ƙasar waje, ko mata ce mijinta ya rasu ya bar shi. Jirgin yana ajiye a wata jiha, ba damar gani. Sai takarda ta biyo baya da tambarin eBay, wai su za su riƙe kuɗin har kaya su iso, ka biya da katin kyauta ko ta Zelle. Takardar jabu ce, hotunan ma daga tsohon tallan wani aka kwaso su. Kariyar eBay ba ta shafi cinikin da aka ƙulla a wajen shafinsu ba, kuma kuɗin da ya fita ta waɗannan hanyoyi da wuya ya dawo. Ko kafin alƙalami kada ka bayar.

Tun daga Nuwamban 1972 doka ta tilasta wa masu ƙera jirage a Amurka sanya lambar shaidar jirgi, wato HIN, mai haruffa da alƙaluma 12 a bayan jirgi, sama ta hannun dama. Ukun farko na nuna kamfanin da ya ƙera shi. Ka ce wa mai tallan ya ɗauko hoton lambar da takarda mai kwanan watan ranar a gefenta. Ɗan damfara ba zai iya ba. Idan ka je da kanka, ka gwada ta da ta takardar mallaka harafi bayan harafi, ka shafa wurin da yatsa ko an goge an sake cikewa. Tirelar ma tana da tata lambar da nata takardu.

Akwai kuma wanda jirgin na nan, amma ya rufe ɓarna da sabon fenti, shi ya fi wuyar ganewa. Saman irin waɗannan jirage yawanci katako ne a tsakanin faiba biyu. Ruwa na bin ramukan kusoshi ya ruɓar da katakon, musamman a gindin sandar da ke ɗauke da ƙyallen iska. Ka taka wurin, idan ya lotsa an samu matsala. Ka ƙwanƙwasa da gudumar roba: mai lafiya yana ƙara tas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum.

A Catalina 22 mai farantin ƙarfe da ake saukarwa a ƙarƙashi don hana kifewa, farantin ya kai wajen kilo 250, waya ɗaya ce ke ɗaga shi. A kan tirela yana kwance, tsatsar wayar da cinyewar ƙusar da yake juyawa a kanta ba sa bayyana. Shi ya sa mai ɓoye laifi ke ƙin a saka jirgin a ruwa. Ka dage a saka, ka sauke farantin ka ɗaga, ka saurari ƙarar bugawa. Kuma tunda kai kaɗai za ka riƙa fita, ka sa ya tayar da sandar a gabanka shi kaɗai, in ya ce ana iyawa.

A tirela, ka ɗaga ta da jak ka girgiza taya, in tana rawa boris ya mutu. Alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar DOT a jikin taya mako ne da shekarar da aka yi ta: 2316 na nufin mako na 23 na 2016.

Wanda aka riga aka cuta ya sanar da bankinsa nan take, ya adana saƙonnin duka, ya shigar da ƙorafi a cibiyar IC3 ta hukumar FBI.