Sharhi kan ƙamusun WordWeb na kwamfuta

Sana'ata ita ce fassara takardun wayar da kai daga Turanci zuwa Hausa, galibinsu a kan noma da kiwon lafiya, kuma na shekara da shekaru ina aiki da manhajar WordWeb a kan kwamfutata mai amfani da Windows. Ra'ayina a kanta shi ne, ga wanda ya riga ya iya Turanci gwargwado kuma yake neman ƙamus da zai duba cikin hanzari ba tare da ya bar aikin da ke gabansa ba, da wuya ya sami na kyauta da ya kai ta. Ga wanda yake matakin farko na koyo kuwa, ba ita ce ta dace ya fara da ita ba, kuma zan faɗi dalili a gaba.

Abin da ya fara jawo ni gare ta shi ne yadda ake duba kalma. Bayan an girka manhajar, takan zauna a kusurwar ƙasa ta fuskar kwamfuta, kusa da agogo, da alamar jan harafin W, ba ta kuma damun kowa sai an neme ta. Idan ina karanta wata takarda na ci karo da kalmar da ta shige mini duhu, sai in danne maɓallin Ctrl, in latsa kalmar da ɓangaren dama na linzamin kwamfuta, nan take wata 'yar taga ta buɗe ɗauke da ma'ana. Akwai kuma hanya ta biyu, wato a zaɓi kalmar sannan a danna Ctrl da Alt da W a tare. Wannan yana aiki a cikin Word, da shafukan intanet, da saƙonnin imel, da yawancin manhajojin da ake rubutu ko karatu a cikinsu. Wanda bai taɓa yin fassarar doguwar takarda ba yana iya ganin wannan ƙaramin abu ne, amma mai wannan sana'a ya san cewa babbar asarar da duba ƙamus ke jawowa ita ce katsewar tunani, domin kafin mutum ya ɗauko littafi, ya bi haruffa ya gano shafi, ya dawo, zaren jimlar da yake saƙawa a ransa ya riga ya kuɓuce masa.

Abu na biyu shi ne ba ta buƙatar intanet. Ma'anoni da dangogin kalmomi duk suna ajiye a cikin kwamfutar, saboda haka ko data ta ƙare, ko sabis ya yi rauni kamar yadda yakan yi idan aiki ya kai ni ƙauye, ƙamusun yana nan daram muddin akwai caji a batir. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta ba tare da ta yi sanyi ba. In kuwa akwai intanet, tana da wasu shafuka a cikin tagar tata da ke kai mutum kai tsaye ga bayanin kalmar a Wikipedia da Wiktionary.

Inda manhajar ta fi burge ni shi ne tsarin da aka gina ta a kai, kuma a nan ne ta bambanta da ƙamusun takarda da muka saba da su. Tushen bayananta shi ne WordNet, wani rumbun kalmomin Turanci da aka fara haɗawa a Jami'ar Princeton ta Amurka a shekarar 1985 a ƙarƙashin jagorancin George Miller, masanin halayyar ɗan Adam wanda ya damu da yadda ƙwaƙwalwa ke adana kalmomi. Maimakon a jera kalmomi bisa haruffa kawai, sai aka tara waɗanda ke da ma'ana ɗaya a rukuni guda, aka kuma ɗaure rukunan da juna bisa dangantakarsu: wannan nau'in wancan ne, wannan ɓangaren wancan ne, wannan kishiyar wancan ne. Rukunan sun haura 117,000. Antony Lewis, wani Bature ɗan Ingila wanda asalin fanninsa ilimin sararin samaniya ne, shi ne ya ɗauki wannan rumbu ya gina WordWeb a kansa, ana kuma ta yi masa ƙari da gyara tun daga lokacin.

Ga yadda wannan tsari ke amfanar mai fassara a zahiri. A takardun noma, sunayen hatsi kan rikita mutum, saboda marubucin Amurka da na Indiya da na Afirka ta Yamma kowa da sunan da yake kiran abu ɗaya. Idan na duba kalmar "sorghum", bayan ma'anarta akwai shafin da ke nuna nau'o'inta, kuma ta nan mutum zai gangara har ya iske "durra", inda aka jera sauran sunayenta, ciki har da "Guinea corn" da muka saba ji a makaranta, sai hankalina ya kwanta cewa dawa ake nufi. Haka idan takarda ta ce "bulrush millet", manhajar za ta nuna cewa shi ne "pearl millet", ta kuma kawo sunansa na kimiyya, wanda da shi nake tabbatar da cewa gero ne ba wani ɗan'uwansa ba. A takardun zazzaɓin cizon sauro ma haka abin yake: daga kalmar sauro ana iya hawa sama a ga dangin ƙwarin da ya fito daga cikinsu, ana iya sauka ƙasa a ga ire-irensa, a rarrabe mai yaɗa maleriya da mai yaɗa ciwon shawara. Ga manomin da zai saurari fassarar a rediyo, ko uwar da za a karanta wa takardar a asibiti, wannan rarrabewa tana da muhimmanci ƙwarai, domin kuskuren suna ɗaya yana iya sa a ba da shawarar taki ko feshi a kan amfanin gonar da ba shi ake nufi ba. Kowace kalma da ta bayyana a cikin bayani ana iya latsa ta a shiga nata bayanin, akwai kuma kibiyar komawa baya, don haka mutum na iya yin nisa cikin bincike ya dawo inda ya faro ba tare da ya ɓata ba.

Akwai wasu ƙananan sauƙaƙawa da sai an daɗe da manhajar ake gane darajarsu. Idan an duba kalma a sigar jam'i ko ta shuɗaɗɗen lokaci, takan mayar da mutum ga tushenta da kanta. Idan an yi kuskuren rubutu, takan kawo jerin kalmomin da suka yi kusa da abin da aka rubuta. Idan kuma rubutun Turanci nake yi, kamar wasiƙar aiki ko rahoto, ina iya zaɓar wata kalma daga jerin masu ma'ana ɗaya in danna maɓallin musanyawa, ta shiga cikin takardar a gurbin ta farko. Tana kuma ba da damar zaɓar irin Turancin da ake so, na Birtaniya ko na Amurka ko na Kanada ko na Ostireliya. Ni na Birtaniya na zaɓa, tunda ƙa'idar rubutunsa ake bi a makarantunmu da jarrabawar WAEC da NECO da takardun gwamnati.

Sai kuma iyakokinta, waɗanda ya kamata mai niyyar girka ta ya sani. Bayanan ma'ana gajeru ne, wasu lokuta jimla ɗaya tak, kuma ba a taƙaita su ga sauƙaƙan kalmomi ba. Ƙamusun da aka tsara musamman don masu koyo, irin na Oxford da na Longman, sukan bayyana kowace kalma da zaɓaɓɓun kalmomi masu sauƙi da ba su wuce dubu biyu zuwa uku ba, su kawo misalan jimloli masu yawa, su nuna kalmomin da ke tafiya tare da ita da kuma kurakuran da aka saba yi. WordWeb tana da misalai, amma ba su kai wannan yawan ba, kuma ba a gina ta don koyar da nahawu ba. Ɗalibin ƙaramar sakandare zai iya duba kalma ɗaya ya tarar da wasu biyu da bai sani ba a cikin bayaninta. Shi ya sa da wani ƙanena malamin makaranta ya nemi shawarata a kan abin da zai sanya wa ɗalibansa a ɗakin kwamfuta, na ce masa ya sa musu ƙamus na masu koyo, ita kuwa WordWeb ya bar wa kansa da sauran malamai. Jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya ma yana buƙatar hattara, domin kusancin ma'ana ba ya nufin kowace za ta zauna a kowace jimla, kuma wanda kunnensa bai saba da harshen ba zai iya ɗauko kalmar da ta yi nauyi ko ta tsufa ya saka inda ba ta dace ba.

Haka nan, ƙamus ne na Turanci zalla, babu Hausa a cikinsa. Aikinsa a wurina shi ne ya fayyace mini abin da marubuci ke nufi, sauran aikin kuwa, wato nemo yadda Bahaushe zai faɗi maganar, yana komawa ga ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006, da kuma tambayar manoma da ma'aikatan lafiya su kansu. A cikin zaɓin ire-iren Turanci ma babu na Afirka ta Yamma, alhali Turancin Najeriya ya kai matsayin da babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmominsa irin su "okada" da "Kannywood" a shekarar 2020. Mai fassara labaran jaridun cikin gida dole ya riƙa dogaro da saninsa a irin waɗannan wurare.

Game da kuɗi, manhajar iri biyu ce. Akwai ta kyauta, akwai kuma WordWeb Pro da ake saye, wadda ta ƙunshi sautin furucin kalmomi masu yawan gaske, da binciken kalma ta hanyar wasu haruffanta kawai, da damar ƙara kalmomin da mutum yake so, da kuma damar sayen wasu manyan ƙamusai irin na Oxford da Chambers da Collins a haɗa su cikin taga ɗaya. Ta kyautar tana da furucin wasu kalmomi, sauran kuma a rubuce ake nuna yadda ake faɗarsu. Sharaɗin amfani da ita ya sha bamban da na sauran manhajoji: an yarda mutum ya ci gaba da amfani da ita kyauta muddin bai hau jirgin saman haya fiye da sau biyu a cikin wata 12 ba, wato tafiya ɗaya zuwa da dawowa, wanda ya wuce haka kuma ana so ya sayi Pro bayan gwajin kwana 30. Damuwa da hayaƙin jirage da sauyin yanayi ce ta sa aka gindaya wannan sharaɗi, ni kuma ina ganin akwai adalci a cikinsa, tunda ya ɗora biya a kan mai hali ya sauƙaƙa wa ɗalibi da malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci. Babu mai bin diddigin fasfon kowa, amana ce kawai aka bar wa mai amfani da manhajar, kuma ya kamata wanda zirga-zirgarsa ta wuce ƙa'idar ya riƙe amanar ya biya, duk da cewa da kuɗin waje ake saye, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai karɓar albashi da naira.

Masu fassara, da 'yan jarida, da ɗaliban jami'a masu rubuta kundin kammala karatu, da ma'aikatan ofis, su nake ba shawarar su girka ta, su kuma sauke ta daga shafin masu ita na asali, domin akwai shafukan da ke raba manhajoji haɗe da tarkacen da ke lalata kwamfuta. Ta kyautar ta wadatar da yawancin aikin yau da kullum, wanda kuma aikinsa ya shafi karanta labarai da murya a rediyo ko talabijin, shi ne zai fi cin ribar sayen Pro saboda cikakken furucin da ke cikinta.